Sadakar da ake tambaya a wajen biyan kuɗi a kanti: wanda ya bayar don kunya yana da lada?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda ke zaune a Amurka da kuma malaman da ke cikinmu.

A Bronx nake zaune, cikin New York. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma bisa awa ake biyana, saboda haka kafin in bar gida zuwa cefane na riga na san abin da zan kashe. Abin da ke damuna wata ɗabi'a ce ta manyan kantunan nan. Mutum ya gama ɗaukar kayansa, shinkafa, man girki, madarar yara, sabulun wanki, ya zo wajen biya, ya sa kati, sai na'urar ta tsaya cak ta rubuto masa tambaya: za ka ba da dala 1, ko 3, ko 5 don yara marasa lafiya? Wani lokaci kuma cewa take yi a cike maka canjin, wato in kuɗin kayanka dala 47 ne da santi 60, a mai da shi 48, santi 40 ɗin su tafi wajen ciyar da mayunwata. A wasu kantunan ba ma na'ura ba ce, kashiyar ce za ta ɗago kai ta tambaye ka da baki, duk wanda ke bayanka a layi yana ji. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba kuwa kusan ko'ina ka shiga sai an tambaye ka, kantin magani, kantin abinci, har wajen sayar da takalma.

Satin da ya wuce ina tare da Hanifa. Ta fara iya karatu yanzu, komai ta gani sai ta karanta. Ta ga hoton wani yaro kansa ba gashi a allon na'urar, ta karanta abin da aka rubuta, ta kuma ga inda yatsana ya danna. Muna fitowa ta ce, "Mama, me ya sa kika ce a'a? Ba ke kika ce in an roƙe mu mu riƙa bayarwa ba?" Wallahi maganar ta tsaya mini a rai har dare.

Allah ya sani ba rowa ba ce. Duk wata ina tura wa Hajiyarmu kuɗin abinci da magani a Funtuwa. Yayana da ya rasu ya bar marayu uku, kuɗin makarantarsu a wuyana yake ni da ƙanena. Ranar Juma'a akwai akwatin masallacinmu, ga kuɗin da ake tarawa in wani a cikinmu ya rasu, don yi wa gawa sutura a ƙasar nan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Waɗannan duk na san inda kuɗina ke zuwa, na san fuskokin masu ci. Amma na kanti ban san komai a kansa ba. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp a cikin matan unguwarmu, wai kantunan suna tara kuɗin mutane ne su miƙa da sunansu don gwamnati ta rage musu haraji. In gaskiya ne, ashe mu talakawa ne ke biya wa masu biliyoyi haraji. Ina so wanda ya san harkar ya warware mini wannan.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne zuciyata. Ranakun da nake cewa to, yawanci ba don tausayin yaron ba ne. Ina sanye da hijabi, layi ya cika da mutane a bayana, ba na so a ce ga Musulma an roƙe ta dala ɗaya ta hana. Sai in bayar, in fito raina a ɓace. Shin wannan sadaka ce ko riya? In ba lada, gara in riƙe dalata in haɗa wa marayunmu. Sannan wata ƙawata ta ce ita tana lissafa irin wannan a cikin zakkarta, shin hakan ya yi? Kuma ƙungiyoyin nan galibi ba na Musulmi ba ne. A taimaka mini da bayani, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ɗan Kumasi ne, ina Ohio, kuma na yi aikin kashiya a wani babban kanti kafin na koma tuƙin babbar mota. Bari in gaya miki yadda abin yake daga ɗaya gefen kantar.

In lokacin tara kuɗin ya zo, da safe manaja zai tara mu ya ce kowane mai saye sai an tambaye shi, ba a tsallake kowa. A ɗakin da muke cin abinci ana liƙa takarda a bango, ga sunan kowane kashiya, ga abin da ya tara. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi ɗan tukuici, wanda ke ƙasa kuma a kira shi a tambaye shi ko yana tambayar mutane kuwa. Ko sisi ba ya shiga aljihun kashiya daga abin da kika bayar. Ita ma yarinyar da ta ɗago kai ta tambaye ki bisa awa ake biyanta kamar ke, kuma da za a bar ta da zaɓinta da ba ta tambaya ba.

Maganar kunya kuwa, ki kwantar da hankalinki. Mutum ya wuni yana maimaita jimla ɗaya ga ɗaruruwan mutane, wallahi kafin ki kai bakin ƙofa ya manta fuskarki. A layina masu cewa a'a sun fi yawa nesa ba kusa ba, Turawa da baƙaƙe, masu kuɗi da marasa shi. Na bayanki kuma hankalinsu na kan wayarsu, fatansu kawai ki yi sauri. Wanda ba na mantawa shi ne mai masifa, wanda zai tsaya yana ɗaga mini murya wai masu kamfanin sun fi shi kuɗi, su bayar mana. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ni ya kamata ya gaya wa ba. "Ba yau ba, na gode" ya wadatar.

Abu ɗaya da ya riƙa sosa mini rai: waɗanda suka fi saurin cewa to su ne baƙi irinmu da Turancinsu bai nuna ba. Dattijuwa 'yar Nijar ko 'yar Gini za ta zo, a yi mata tambaya da sauri, ba ta gane ba, sai ta gyaɗa kai don kada ta tsayar da layi. Dala biyu ta tafi ba ta sani ba. In na lura da haka nakan sake gaya mata da Hausa ko da ɗan Faransancin da na iya, in ce kyauta ce ake nema, ba dole ba ne. Wasu su ce a cire, wasu kuma su ce a bar shi, Allah ya karɓa. Don Allah masu iyaye tsofaffi a nan ku yi musu bayanin wannan tambayar tun a gida.

Abu Akanta:

Maman Hanifa, saƙon muryar nan ba daidai ba ne, kuma ya daɗe yana yawo, har a tsakanin Amurkawa kansu. Aikina ke nan, lissafin haraji.

A dokar Amurka kamfani yana samun ragin haraji ne a kan kyautar da ya yi daga kuɗinsa. Dalar da kika bayar a wajen biya ba cinikin kanti ba ce, ba ta shiga ribarsa. Shi ɗan aike ne kawai, ya karɓa daga hannunki ya kai wa ƙungiyar. In akwai mai haƙƙin neman ragin haraji a kan wannan dalar, to ke ce, shi ya sa za ki ga an rubuta ta a layi na daban a rasidinki. Kantin da ya sa kuɗin masu saye a takardun harajinsa a matsayin kyautarsa ya karya doka. Inda yake iya samun ragi shi ne in ya ce duk abin da jama'a suka bayar zai ƙara nasa a kai, ko kuma zai ba da wani kaso na kuɗin wani kaya da ya sayar. Wannan daga aljihunsa ya fito, ba laifi.

Amma kada a ce ba ya cin riba. Ribarsa suna ce. A ƙarshen shekara za ki ga manyan kamfanin sun tsaya gaban kyamara riƙe da wani ƙaton caki, ana cewa kanti kaza ya tara miliyan kaza, alhali kuɗin na irinku ne da suka bayar santi-santi. Talla ce mai arha ƙwarai. Kuma wani lokaci yarjejeniyar da ke tsakanin kanti da ƙungiya ba a bayyana ta ga mai saye. Misali, a 2021 kamfanin kantunan magani na CVS ya yi alkawarin dala miliyan 10 ga ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta Amurka, ya kuma riƙa tambayar masu saye gudummawa a wajen biya. A 2022 aka kai shi ƙara kotu a New York, mai ƙarar yana cewa da kuɗin jama'a kamfanin ke cika alkawarin da shi ya ɗauka. Kamfanin ya musanta yaudara, ya ce yarjejeniyar ita ce ya tara daga masu saye, in bai kai miliyan 10 ba ya cika giɓin daga aljihunsa. Ko ta wane gefe aka duba, kuɗin ƙungiyar suke zuwa. Abin da aka yi jayayya a kai shi ne ko an gaya wa mai bayarwa gaskiyar tsarin.

Shawarata, ki duba sunan ƙungiyar da ke allon. In an rubuta suna sarai, za ki iya bincikarta. Hukumar haraji ta IRS tana da shafi a intanet da ake duba ko ƙungiya tana da rajista, kuma manyan ƙungiyoyin agaji duk shekara suna cike wata takarda mai lamba 990 da kowa zai iya karantawa, a ga nawa suka samu, nawa suka kashe a aiki, nawa shugabansu ke ɗauka. Akwai kuma wani shafi mai suna Charity Navigator da ke auna su. In kuwa allon cewa kawai ya yi "a taimaki al'umma" ba suna, ni ba na bayarwa.

Ga 'yan'uwa na Ingila, ku ma ku lura: in mai biyan haraji ya ba ƙungiya kai tsaye ya cike takardar Gift Aid, gwamnati tana ƙara mata fam 25 a kan kowane fam 100. Canjin da aka bari a na'urar kanti yawanci ba ya samun wannan ƙarin, don ba wanda ya cike takarda.

Almajirin Zazzau:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki tsoronsa, don wanda bai damu da niyyarsa ba ba ya yin irin wannan tambaya. Ni ɗalibi ne, zan faɗi abin da muka karanta a gaban malamai.

Mu fara da mai sauƙin. Ki gaya wa ƙawarki ta daina lissafa wannan a zakka. Allah da kansa ya ƙayyade masu cin zakka, kashi takwas, a Suratut Tauba aya ta 60, kuma ana fitar da ita da niyya, a san hannun da ta shiga. Kuɗin da ya tafi asusun asibiti ko wata ƙungiya, ba a san ko gini za a yi da shi ko albashi za a biya ba, bai sauke mata farilla ba. Abin da ta riga ta lissafa a baya ta je ta zauna da malami su duba.

Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take. Ba a shar'anta sai Musulmi ba. A Suratul Insan aya ta 8 Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kuma kamammun yaƙi a wancan lokaci ba Musulmi ba ne. A hadisi an gafarta wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, to ina ga jaririn da ke kwance a asibiti? Abin lura kawai shi ne aikin ƙungiyar ya zama halal. Ƙanƙantar abin ma ba aibi ba ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kare kai daga wuta ko da da tsagin dabino.

Yanzu maganar kunya. Akwai ɓangaren mai karɓa, akwai na mai bayarwa. An ruwaito cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. A kan haka malamai suka yi magana mai kaushi game da wanda zai roƙi mutum a bainar jama'a da gangan, yana sane da cewa kunya ce za ta sa ya bayar. Saboda haka duk tsarin da aka gina shi don mutum ya ji nauyin cewa a'a, nauyinsa na kan wanda ya tsara shi. Ke ba ki yi laifi ba don kin ƙi. Hana sadakar da ba wajibi ba ba zunubi ba ne, balle ga wadda ke riƙe da uwa da marayu. Hadisi ya nuna sadaka ga miskini lada ɗaya ce, ga ɗan'uwa kuwa biyu, sadaka da sada zumunci. In abin hannunki bai isa ko'ina ba, Funtuwa ce kan gaba.

Ɓangarenki kuma, ayyuka suna tare da niyya. In abin da ya motsa yatsanki idon mutanen layi ne kaɗai, to abin da kika nema kin samu, sun gani. Amma kada shaiɗan ya shigo miki ta nan ya hana ki alheri gaba ɗaya. Ba duk wanda aka tunatar ya bayar ne mai riya ba. Sau da yawa zuciya tana farawa da jin nauyi, sai mutum ya tsaya daƙiƙa ɗaya ya ce ya Allah don kai, ya bayar. Wannan gyaran niyya ne, kuma ana fatan karɓuwa. Abin da zai fi miki sauƙi shi ne ki yanke shawara tun a gida, lokacin da kike rubuta jerin cefane. In kin yi niyyar bayarwa yau, kin bayar don Allah tun kafin ki ga layi. In ba ki yi ba, ki ƙi da kyakkyawar magana, kamar yadda iyayenmu ke ce wa almajiri Allah ya ba da haƙuri, ba tsawa. Suratul Baƙara aya ta 263 ta fifita magana mai daɗi a kan sadakar da cutarwa ke biye da ita.

Hujjar kare sunan Musulunci da kika kawo, na fahimce ta, amma ba a ɗora miki wannan ba. Sakin fuskarki ga kashiyar ya isa.

Ita kuwa Hanifa, tambayarta tana buƙatar amsa ta gaskiya. Yarinya ta ga a'a ɗinki, ba ta taɓa ganin abin da kike turawa gida ba, don a waya ake yinsa cikin dare. Ranar da za ki tura, ki zaunar da ita kusa da ke, ki nuna mata hoton 'yan'uwanta da kayan makaranta, ki ce ga inda namu ke zuwa. Allah ne mafi sani.

Maman Khalil:

Malam, Allah ya saka, ban ja da maganarka ba. Amma ina so in faɗi wani abu don kada duk mu tashi da cewa a daina bayarwa.

Ɗana mai sikila ne. A Texas muke. Duk uwar da ke da irin wannan yaro ta san daren da ciwo zai tashi, yaro yana murƙususu yana kiran ƙafarsa da bayansa, ke kuma ba abin da za ki iya sai addu'a. Mun sha kwanciya a asibitin yara. Inshora tana biyan magani da gado, amma ba ita ke biyan malamar da ke zuwa gefen gado ta yi masa darasi don kada a wuce shi a aji ba. Ba ita ke biyan matar da ke zuwa da 'yar tsana ta nuna masa yadda za a sa masa allurar ƙarin ruwa har tsoronsa ya ragu ba. Ranar da ba ni da ko kuɗin ajiye mota, wata ma'aikaciya ta kawo mini takardar abinci da ta fakin, na tambaye ta daga ina, ta ce daga gudummawar jama'a.

Balan-balan ɗin takarda masu ja da rawaya da ake rubuta suna a liƙa a bangon kanti na wata ƙungiyar agaji ne mai suna Children's Miracle Network. Tun 1983 suke, suna tara wa asibitocin yara kusan 170 a Amurka da Kanada, kuma abin da aka tara a yanki asibitin yankin ake ba. Babban kamfanin kantuna na Walmart tun 1987 yake tara musu. Akwai kuma asibitin St. Jude da ke Memphis, wanda ake yawan tambaya dominsa a ƙarshen shekara. An buɗe shi a 1962, ba ya karɓar ko sisi daga iyayen yara, kuma tun farkonsa yake aiki a kan sikila. A 1983 aka yi wa wata yarinya mai sankarar jini, majinyaciyar asibitin, dashen ɓargo, sai aka ga sikilarta ma ta warke. Mu da ciwon nan ya fi addaba, Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen yawan masu shi, bai kamata mu ɗauki wannan kamar abin wasu can ba.

Abu Akanta ya ce a bincika a ba ƙungiya kai tsaye. Gaskiya ne ya fi. Amma tsakaninmu da Allah, mutum nawa ne ke komawa gida ya buɗe kwamfuta ya aika? "Zan bayar da kaina" a bakin yawancinmu nan take ƙarewa. Da yayyafi kogi kan cika. Ni dai in na ga sunan asibitin yara a allon, ina cike canjin, kuma raina fari ƙal.

Alhaji Mai Kanti:

Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, a Kano nake, ina da shagon kayan masarufi, amma maganar ta shafe mu. A kan kantata akwai akwatin ƙarfe na kwamitin masallacin unguwa, da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen liman, ɗaya wajen ma'aji. Ban taɓa ce wa mai saye ya saka ba, na kuma hana yarana. Wanda ya ga dama ya jefa naira 50 ko 100 daga canjinsa, wanda bai ga dama ba ya wuce, ba wanda ya sani. Mutumin da ya zo sayen taliya ƙwaya biyu da magi na naira 100, ka san halin da gidansa ke ciki, in ka buɗe baki ka roƙe shi a gaban mutane ka zalunce shi.

Sai dai tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 akwatin ya yi sauƙi. Mutane sun koma POS da tiransifa, ba canjin da zai rage a hannu. Wani matashi a kwamitin ya kawo shawarar in riƙa tambaya ina ƙara naira 100 a POS, in tara musu zuwa ƙarshen wata. Na ce a'a. Kuɗin amana in ya shiga asusun ciniki, ko kai waliyyi ne wata rana lissafi zai rikice, ga zargi. Sai muka liƙa lambar asusun masallacin a jikin akwatin, mai so ya tura da kansa.

Akwai kuma masu yawo da akwatuna suna ajiyewa a shaguna da gidajen mai. Wani ya taɓa kawo mini nasa, an rubuta taimakon marayu. Na ce ya zo ranar Asabar ya kai ni in ga marayun da idona. Har yau bai dawo ba. Ku na can aƙalla kuna da rasidi da inda za ku duba.

Mu 'yan kasuwa kuma mu ji tsoron Allah a kan "ba canji". Naira 20, naira 30 da ake riƙewa, ko a miƙa wa mutum alawar da bai nema ba, wannan ko tambayar ma ba a yi.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Malam, zan yi yadda ka ce da yarinyar, ƙarshen wata ya kusa. Abu Akanta, na tura bayaninka ga matan unguwarmu. Maman Khalil, Allah ya ba Khalil lafiya mai ɗorewa, ya ba ki ladan jinya. A danginmu ma akwai masu sikila, biyu sun rasu suna ƙanana. Na asibitin yara zan riƙa cikewa in Allah ya so, da niyya tun daga gida, sauran kuma in ce ba yau ba.

Ɗan Zango, maganarka ta tsofaffi ta sa na duba rasidan wata dattijuwa da nake kula da ita, don ni nake raka ta cefane wani lokaci, wani lokaci ta je ita kaɗai. A biyu daga ciki na ga an sa gudummawar dala 2. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta san da shi ba. Kunnenta ba ya ji sosai. Ana iya karɓo mata, ko ya wuce ke nan?

Ɗan Zango:

Hajiya, ki gwada. Ki ɗauki rasidan da katin da ta biya da shi, ku je tare da ita teburin sauraron koken masu saye, yawanci yana kusa da ƙofar shiga. Kada ki koma wajen kashiyar, ba ta da ikon mayarwa. Ki nemi manaja, ki nuna masa layin, ki ce ba ta ji tambayar ba. A inda na yi aiki in abin bai daɗe ba ana mayarwa ba gardama, wanda ya kwana biyu ne ke wuya, don an riga an tura kuɗin. Ki fara sanar da 'ya'yanta ko ofishin da ya tura ki aikin kafin ku je, tunda maganar kuɗinta ce, don kada a ga kamar kin shiga abin da ba naki ba. Sannan ki rubuta mata a 'yar takarda da manyan baƙaƙe cewa ba ta ba da gudummawa, ta sa a jakarta tare da katin, in ta zo biya ta nuna.